Balaraba Ramat Yakubu: alƙalamin da zagi bai karya ba

Duk wanda ya saba ratsa babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram a shekarun 1990 ya san teburin mai littattafai. A gefe guda ga Ƙawa'idi da Ishiriniya da sauran littattafan addini, a ɗaya gefen ga wasu ƴan ƙananan littattafai masu bangon takarda, da zanen budurwa ko na saurayi a bisa, an rubuta « na ɗaya », « na biyu », « na uku ». Daga Kano suke fitowa. Wasu su biyo hanyar Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa, wasu su biyo ta Daura da Kwangwalam su sauka Matamaye. Littafi guda yakan zagaya gida goma kafin bangonsa ya yage, wadda ta yi lakol ta karanta da ƙarfi, sauran matan gida suna saurare suna tsinke zogale.

Cikin sunayen da ke bisa bangon waɗannan littattafai akwai na wata mace da aka fitar daga makaranta tun ba ta gama firamare ba. Labarinta ya isa abin dubawa ga duk yaro ko yarinyar da ke ɓoye da littafin rubutu cike da labari a ƙarƙashin katifa, ana son a fitar, ana tsoron bakin mutane.

Amarya mai shekara 13

An haifi Balaraba Ramat Yakubu a Kano cikin 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya shugabanci Najeriya daga watan Yuli na 1975 har ranar 13 ga Fabrairu 1976 da aka kashe shi a Legas. Wanda ya ji wannan dangantaka sai ya zaci hanya a share take gare ta. Ba haka abin ya kasance ba. Tana da wajen shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka ɗaura mata aure da mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba, auren kuwa bai kai shekara 2 ba ya mutu. Ta komo gidan iyaye da ɗan abin da ta tsinta a aji, wanda bai isa ya rubuta wasiƙa mai kyau ba.

A ajin yaƙi da jahilci ta ɗinke abin da ya yage. Kamar yadda ta sha ba da labari, da sunan koyon ɗinki da saƙa take fita, mahaifiyarta ce kawai ta san cewa karatu da rubutu ake koya mata. Ta kuma bayyana cewa wannan yankewar karatu ita ce dalilin da ya sa take rubutu da Hausa, ba da Turanci ba. Abin da aka ɗauka naƙasa ne shi ya zama jarinta, domin matan da take son ta yi wa magana, Hausa suke ji.

A 1987 littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito. A 1990 ta fitar da guda biyu waɗanda har yau da su aka fi saninta: Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?

Ƙofar da ta rufe, da wadda aka fasa

Kafin zamanin su Balaraba, hanyar zama marubucin Hausa guda ce, ƙunci gare ta kuma. A 1933 Bature Rupert East ya shirya gasar ƙaga labari daga ofishinsa na Zariya, ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan aka saba: hukuma ko kamfani ya sa gasa, malamai su zauna su tace, wanda ya ci a buga masa, littafin ya shiga makarantu. Ta wannan hanya ce kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, littafin da ake ƙidayawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa.

Sai tattalin arzikin Najeriya ya karye. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shiga shirin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan makaranta waɗanda cinikinsu ke da tabbas. A daidai lokacin kuwa ga dubban samari da ƴan mata da suka iya karatun boko, ba su da abin karantawa da harshensu sai abin da kakanninsu suka karanta.

Da ƙofa ta rufe, sai matasan Kano suka fasa tasu. Marubuci ya cika littattafan rubutu da hannunsa, ya kai wa mai tafireta, ya tara kuɗi ko ya ranto, ya kai ƙaramar maɗaba'a ta cikin gari, ya samo mai zanen bango, sannan ya ɗauki kayansa ya kai wa dillalan littattafai a kasuwa, sau da yawa bashi, sai an sayar a biya shi. Shi ya sa ake yanka labari kashi biyu ko uku: kuɗin na ɗaya su ke buga na biyu, kuma ana tsayar da na ɗaya daidai inda ran mai karatu zai tsaya. Marubucin shi ne mai gyara, shi ne mai talla, shi ne mai bin bashi. In littafi ya kwanta, asararsa ce shi kaɗai.

Don rage wannan nauyi suka kafa ƙungiyoyi. Wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, sunan da aka ɗauko daga karin maganar nan ta raina kama ka ga gayya. A cikinta akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda shi ma ta ajin manya ya shigo boko, mai littafin In Da So Da Ƙauna, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar Ƴan Gurasa, da Balaraba a tsakiyar maza. Sukan sa hoton ƴan ƙungiya da jerin littattafan juna a cikin kowane littafi, ta yadda kowa ke yi wa ɗan'uwansa talla. Abin ya bunƙasa har jerin da Graham Furniss na Jami'ar Landan da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, na littattafan da suka fito daga 1987 zuwa 2002, ya haura 700.

Abin da ta rubuta

An yi wa waɗannan littattafai laƙabi da « littattafan soyayya », amma wanda ya buɗe na Balaraba yana neman kalaman masoya zai sha mamaki. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rumfa, matarsa Rabi ta haifa masa ƴaƴa 9, ba ya ba ta abin da zai ishe su ci, ya je ya auro Delu, tsohuwar mai zaman kanta, daga baya ya kori Rabi da ɗiyanta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta, ta aurar da ɗiyarta Saudatu gidan mutunci. Da gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, duniya ta juya masa baya, sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma.

A Wa Zai Auri Jahila? kuwa, yarinya ce mai suna Abu, ubanta ya cire ta daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka ba da ita ga Sarkin Noma, dattijo mai shekara sama da 50. Ta gudu Kano wurin ƴar'uwar iyayenta, ta koma aji, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba sai an faɗa ba, marubuciyar ta san zafin wannan labari a jikinta.

Auren dole, sakin wulaƙanci, mijin da ke ƙara aure alhali bai ciyar da na gida ba, uban da ke hana ɗiya karatu: ba wanda bai san da su ba a Kano, ko a Tasawa, ko a Madawa. Sabon abu shi ne a gan su a rubuce, da sunan mace a bisa bango, ana sayarwa a kasuwa. Daga nan wutar ta tashi.

Suka kashi uku

Kashi na farko daga malaman jami'a ya fito. Tun 1991, a shafin adabi na jaridar Nasiha ta Kaduna wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi, Ibrahim Malumfashi ya fara sukar wannan sabon rubutu. Shi ne ya yaɗa sunan « Adabin Kasuwar Kano », yana kwatanta shi da ƴan littattafan Turanci da aka yi yayi a kasuwar Onica, waɗanda suka yi zamaninsu suka wuce. Hujjarsa ita ce rubutun na gaggawa ne, ba a bin ƙa'idojin rubutun Hausa, jigon kusan guda ne, kuma da yawa daga cikin labaran finafinan Indiya ne aka sa musu hula da ɗankwali. Muhawarar ta koma jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, inda a 1998 har wani ya rubuta maƙala yana kiran mutuwa ga littafin soyayya. A 1999 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shigo yana kare marubutan, yana cewa sun sa al'umma karatu da harshenta a lokacin da hukuma da kamfanoni suka kasa. Yusuf Adamu kuma ya ƙi sunan kasuwa ɗungum, ya ce a kira shi adabin Hausa na zamani.

Kashi na biyu ya fi zafi, domin daga masallaci da zaure ya fito. Malamai da iyaye suka ce littattafan nan suna ɓata tarbiyya, suna koya wa ƴan mata ƙin zaɓin iyaye, suna hana ɗalibai karatun aji. A In Da So Da Ƙauna, Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta wanda take so, sai aka riƙa cewa marubuta na nuna wa yara hanyar halaka. Balaraba na cikin waɗanda suka fi shan wannan suka, domin ita manyan gida take taɓawa, alhazai da masu unguwa da iyaye maza. An yi wa'azi a kanta, an aika mata da barazana. Wannan kashi bai tsaya ga baki ba. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i. A watan Mayu na 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ƴan makarantar mata. A 2008 hukumar tacewa ta nemi kowane marubuci ya zo ya yi rajista da ita, ƙungiyoyin marubuta suka haɗa kai suka yi tsaye a kan ba su yarda ba.

Kashi na uku shi ne na masu karatu kansu, waɗanda suka cire kuɗinsu suka saya. Marubutan Kano sun saba sa adireshinsu a cikin littafi, wasiƙu kuma su yi ta zuwa, na yabo da na ƙorafi. Ƙarshen Alhaki Kuykuyo Ne misali ne. Mai ra'ayin mazan jiya yana ganin an tozarta maigida, an nuna shi ba shi da ko sisin mutunci. Mai neman ƴancin mata kuma yana jin haushin yadda Rabi, bayan duk wahalar da ta sha ta tsaya da ƙafarta, aka sa ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta. Littafi guda, an soke shi ta gaba an soke shi ta baya. Amsar tana cikin labarin kansa: abin da ke faruwa a gidaje marubuciyar ta rubuta, kuma Rabin da ta koma ba ita ce Rabin da aka kora ba, domin yanzu ita ke ciyar da gidan.

Yadda aka ɗauki nauyin

Abin da ya fito fili a tafiyar Balaraba da abokanta shi ne ba su amsa kowace suka da murya guda ba. Ta malaman jami'a, duk da ɗacinta, akwai gaskiya a cikinta, kuma sun ɗauki abin ɗauka. Aka fara kai littafi wurin malamin Hausa ya duba kafin a buga, wani lokaci ya rubuta gabatarwa. Aka shiga reshen Kano na ƙungiyar marubutan Najeriya, ANA, inda ake karanta rubutu a gaban jama'a a yi masa gyara. Wanda ya gaya wa marubuci cewa ya haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ko ya manta ƙugiyar ƙ da ɗ, ya yi masa aikin da editan kamfani zai yi, ba tare da an biya shi ba.

Sukar masu wa'azi kuwa, da harshen addini aka amsa ta. Littattafan Balaraba ba su fita daga Musulunci don su soki al'ada ba, a cikinsa suka tsaya: neman ilimi wajibi ne ga mace da namiji, ciyarwa haƙƙi ne a kan miji, adalci sharaɗi ne ga mai ƙara aure. Mai suka yana iya ƙin marubuciyar, amma da wuya ya ƙi waɗannan. Da abin ya kai ga hukuma da wuta, sai ƙungiya ta yi aikinta, domin tsintsiya ɗaure take shara. Daga baya Balaraba ta shugabanci ƙungiyar marubuta mata ta Kallabi, inda ƙanana ke samun inuwar da ita ba ta samu ba a farko.

Amsa mafi ƙarfi dai ita ce littafi na gaba. Ta ci gaba da rubutu har littattafanta suka kai 9, ta shiga harkar fim, an mai da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998. Jami'o'in da aka fara raina aikin a cikinsu suka koma nazarinsa. A 2000 Novian Whitsitt ya rubuta kundin digirinsa na dakta a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka a kan rubutunta da na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Cennai ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, aikin Aliyu Kamal. Adabin da aka zarga da kwaikwayon Indiya, sai ga Indiyawa sun zo da kansu sun ɗauka.

Wanda suka ta rufe wa baki

Ba kowa ke tsira haka ba. Masu karatun Faransanci sun san labarin Yambo Ouologuem na Mali. A 1968, yana da shekara 28, littafinsa Le Devoir de violence ya ci kyautar Renaudot a Faransa, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Wasu ƴan bokon Afirka suka ji zafin yadda ya tona cinikin bayi da zaluncin sarakunan gargajiya. A 1972 kuma aka zarge shi da ɗebo sassa daga littattafan Graham Greene da André Schwarz-Bart. Aka janye littafin daga kasuwa. Ya koma ƙasarsu, ya zauna Sebare kusa da Mopti, ya juya wa duniyar adabin Faransa baya har rasuwarsa a watan Oktoba na 2017. Sai a 2021, da Mohamed Mbougar Sarr na Senegal ya ci kyautar Goncourt da littafin da ya sadaukar gare shi, sunansa ya sake cika bakin duniya.

Ouologuem ya fi Balaraba karatu nesa, ya fi ta samun ɗaukaka tun tashin farko. Amma a Paris aka ɗaga shi, a Paris aka kayar da shi, maɗaba'ar ta wasu ce, masu karatun na wasu ne, ranar da suka janye hannu bai sami inda zai dafa ba. Balaraba kuwa masu karatunta maƙwabtanta ne. Malamin jami'a na iya raina ta, mai wa'azi na iya ambatonta a bisa mumbari, amma matar da ta ga rayuwarta a cikin Rabi za ta aiki yaro kasuwa ya sayo na biyu.

A wannan gefen iyaka

Marubucin Nijar ya daɗe yana fama da tasa ƙofar. Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da kurkuku, sai a Paris kamfanin L'Harmattan ya buga masa Sarraounia a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a 1993 cikin haɗarin mota tsakanin Damagaram da Yamai, a hanyarsa ta zuwa karɓar kyautar Boubou Hama. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafin da aka bugo a Faransa ya ƙara nisa da aljihun talaka. Labarin sarauniyar Lugu, Bahaushiya, da Faransanci ya fito, mafi yawan jikokinta kuwa ba su iya karanta shi ba.

Tun daga shekarun 2010 abubuwa sun sauya. Rubutun Hausa da yawa ya koma cikin wayar salula, ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook, ba tafireta, ba dillali, ba bashin maɗaba'a. A 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, a 2022 kuma wata ɗiyar Maraɗi, Amira Souley, ta zo ta ɗaya da labarinta Garar Biki. Sai dai sauƙin fitar da rubutu ya zo da sauƙin zagi. Wasiƙar da a da takan yi mako a hanya, mai ita ma ya huce kafin ta iso, yanzu cikin ƙiftawar ido take faɗowa, sau da yawa daga wanda bai kai ƙarshen shafi ba.

Ga mai shirin fitar da rubutunsa na farko, a Tawa yake ko a Gaya, tafiyar Balaraba ta bar abubuwan lura. Ya kai aikinsa ga wanda ya fi shi sanin harshe tun bai fita ba, domin gyaran ɗaki ya fi na kasuwa sauƙi. Ya rarrabe mai sukar rubutu da mai sukar marubuci: na farko malami ne ko da bakinsa da kaifi, na biyu ba ya buƙatar amsa. Ya tabbata abin da ya rubuta nasa ne, domin zargin sata shi ne tabon da ya fi wuyar wankewa. Ya nemi ƴan'uwa masu alƙalami tun kafin ranar wuya. Hausawa sun ce icen da ke da ƴaƴa shi ake jifa. Yarinyar da aka mayar gidan iyayenta ba ta iya rubuta wasiƙa ba ta sha jifa shekara da shekaru, littattafanta kuwa sun je inda masu jifan ba su taɓa zato ba.